Lokotoro Mai Gurmi

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, wata ƙungiya ta kira mu Damagaram za ta zaɓi waɗanda za ta ba burs, wato tallafin karatun likita. Baba ya sayar da bijiminsa na huɗa ya yi mini shiri. Wani abokina ya rantse masu zaɓen suna son ɗalibi mai baiwa, ni kuwa duk garinmu Waca ba mai kaɗa gurmi kamata.

Da shugaban masu zaɓen ya tambayi abin da nake yi bayan an tashi daga lakwal, wato makaranta, sai na zaro gurmi daga buhu, na durƙusa, na wasa shi har kakanninsa. Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka daɗi ne, na ƙara murya.

Dattijon ya taso ya liƙa mini kuɗi a goshi kamar a gidan biki, ya ce, "Madalla, yaro. Na gaba!"

Har yau in na tsaya da babur ɗina na kabu-kabu a tashar Magariya sai a tsokane ni da sunan likita, a ce, "Lokotoro, zazzaɓi nake, kaɗa mini!" A yi dariya, har da ni.

Baba kaɗai bai taɓa tsokanata ba. Da hauya ya ƙarasa nomansa, kuma har ya rasu "Lokotoro" yake kirana, shi da gaske yake.