Zanen da Babu Mai Ɗaurawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na taya Yaya Talatu haɗa kaya ba, kuma ko na so in manta, matan Sabo, unguwarmu ta Hausawa a nan Kurmi, ba za su bari ba. Har yau idan bakin wata yarinya ya suɓuce a layinmu, sunana ake ambata. Sai dai duk sun kuskure dalilin. Wasu sun ce boko ne ya lalata ni, wasu sun ce zama da 'ya'yan Yarabawa a aji ne ya cire min kunya, wata tsohuwa ma ta rantse iska ce ta shafe ni. Babu ko ɗaya. Abin nan yana tare da ni tun kafin in san hanyar makaranta. Kowa ya gan shi, dariya kawai aka yi.

Umma ƙosai take soyawa a cikin gida, yara su fita da shi. Ta ce tun ina 'yar shekara uku ban taɓa jiran ƙosai ya huce ba. Daga kasko sai bakina, in ƙone, in yi kuka, in sake miƙa hannu. A makarantar allo nakan wanke allona kafin malam ya saurari karatun. In an aike ni sayen gishiri, sai in dawo da cikakken labarin faɗan da aka yi a bakin famfo, babu gishiri. Maƙwabta su ce, "Wayo ne ya yi mata yawa." Umma kuwa maganinta ɗaya ne, muciya. Na sha duka. Dukan ya koya min gudu, bai koya min jira ba.

Ina aji huɗu a sakandare abin ya faru. Yaya Talatu maƙwabciyarmu ce, matar Malam Sale mai sayar da albasa a kasuwar Bodija. Daga Funtuwa aka kawo ta, kuma a lokacin cikinta ya fito. Ita kaɗai ce a layin ba ta taɓa ce min mara kunya ba. Ita take min kitso, kuma ta san yadda za ta yi da wannan kan nawa da ba ya tsayawa wuri ɗaya: sai ta ɗauko labari, ba za ta kai ƙarshensa ba sai ta kama kitso na ƙarshe.

Wata safiya wani direba da ya sauka a tashar Ojoo ya kawo wa Malam Sale saƙo cewa mahaifiyar Yaya Talatu ta rasu, har an kai ta. Lokacin babu waya a hannun kowa, direbobi ne wayarmu. Mu kuma mazauna Kurmi muna da tsarinmu: ba a faɗa wa mutum mutuwar uwa yana nesa da gida, balle mai ciki. Sai a ce jiki ya yi tsanani, ana nemanka. Ya hau mota da ɗan sa rai, in ya isa cikin danginsa sai ya ji, a inda akwai masu riƙe shi.

Malam Sale ya zo zauren Baba suka tsara haka (ni kuma ina bayan labule, inda ba a aike ni ba). Da aka faɗa wa Yaya Talatu jikin Innarta ya yi tsanani, ita da kanta ta ce a turo ni in taya ta shiri. Umma tana kan kasko, ta kama kunnena da hannu mai maiƙo.

"Jiki ne ya yi tsanani. Kin ji ko?"

"Na ji."

"Me na ce?"

"Haba Umma, ni fa ba yarinya ba ce."

Ku riƙe wannan maganar tawa, za ta yi muku amfani.

Na tarar da ita ta baje ɗaki. Ga galan ɗin manja, ga ƙullin goro, ga kwalbar agbo, jiƙon nan na Yarabawa, wai yana yi wa Innarta maganin ciwon gwiwa. Komai sai ta ɗauka, ta juya, ta ajiye, ta ba ni tarihinsa. Ɗakin zafi. Malam Sale yana ƙofar gida yana gyaran murya: "Talatu, mota fa ba ta jira." Ƙafata ta fara rawa, irin rawar da take yi a aji idan malami ya daɗe a kan abu ɗaya.

Sai ta buɗe akwati ta fito da atamfa biyu, shuɗiya da mai ganye-ganye.

"Ƙanwata, wanne kike ga Inna za ta fi so?"

"Shuɗiyar."

Ta ninke, ta sa a jaka, ta sake fitarwa. "Amma mai ganyen ta fi laushi. Mai jinya ba ya son zane mai kaushi."

"To, mai ganyen."

"Sai dai ita fa shuɗi take so. In ta warke, da Sallah..."

Wallahi ban yanke shawarar yin magana ba. Ji kawai na yi muryata tana cewa, "Yaya, don Allah ki sa ko wanne ne mu tafi. Wa zai ɗaura? Ai an riga an binne ta."

Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da ninke zanen, baki da baki, kamar hannunta bai ji ba. Can ta ɗago.

"Yaushe?"

Nan ne mai hankali zai kama bakinsa. Ni kuwa, 'yar aji huɗu, wadda ba yarinya ba, na ce, "Shekaranjiya, in ji direban." Da na ga fuskarta sai na yi yunƙurin gyara: "Wato... jikin ne ya yi tsanani."

Daga ƙofa na ji Malam Sale yana salati a hankali. Kafin in nemo takalmina mata sun cika tsakar gidan, kowacce ta kalle ta, sannan ta kalle ni. Babu wadda ta zage ni. Da sun zage ni da ya fi sauƙi.

Haka ta hau mota a Ojoo da sani, ta yi wannan doguwar hanya da ciki, a matse tsakanin baƙi, tana kuka babu mai riƙe ta. Abin da dattawa suka so su rage mata ke nan, ni na mayar mata da shi cif. A can ta haihu. Da ta dawo na je na durƙusa, ta ce, "Ba komai, Allah ya shirye ki." Amma daga ranar duk lokacin da na je kitso, wai hannunta ne ke ciwo.

Umma ba ta dake ni ba ranar. Ta sauke kasko ta zauna, ta ce, "Tun kina ƙarama nake dukanki, ashe ban taɓa samun wurin ba."

Abin da ya tono min duk wannan shi ne 'yata Bilki, mai shekara uku. Jiya ta tsoma hannu a kofin koko mai tururi, ta ƙone, ta yi kuka, ta sake miƙa hannu. Kakarta, wato Umma, ta yi dariya: "Uwarta sak! Wayo ne." Maigidana ya ce, "Bari ta ƙara girma, bulala za ta daidaita ta." Ni kuwa ban yi dariya ba. An yi min dariyar, an yi min bulalar, kuma na san inda suka kai ni, ɗakin Yaya Talatu.

Darasin da na samu ba mai daɗi ba ne: abin da ake yi wa dariya a wurin 'yar shekara uku, shi ake rufe wa ƙofa a wurin budurwa. Kuma duk Sabo an rasa wadda za a ɗora wa koyar da haƙuri sai ni.

Na faɗa wa maigidan da kakarta, ba dariya, ba bulala. Daga gobe da safe zan zuba koko kofi biyu, ni da Bilki mu zauna a tabarma, kowacce ta danne hannunta a ƙarƙashin cinya, mu zuba wa tururin ido har ya ɗauke. Kullum, har ta iya. Na kuma ba Bilki izini, in ni na riga ta miƙa hannu, ta kai ƙarata wurin Umma.