Digirin da Na Daka a Turmi

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ta ƙarshen bazara ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba. Har yau idan na tuna ina cikin salla, sai na rasa raka'a ta nawa nake.

Nura shi ne autanmu. Yana aji biyu na firamare Allah ya yi wa Innarmu rasuwa, ni kuma ina amarya a nan unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano, sai aka ba ni shi. A hannuna ya girma, ya shiga jami'a ya karanta injiniya, har ya kai ga digiri na uku. Duk sanda ya zo gida, sai ya ja kujera 'yar tsugunno ya zauna a ƙofar kicin yana yi mini bayanin bincikensa. Wai ƙasashen da ke samun lantarki daga nukiliya suna da wata shara mai guba, wadda ba ta ƙonuwa kuma ba a kai ta bola. Sai dai a haƙa dogon rami can ƙarƙashin ƙasa, kamar titi, a binne ta, a toshe da yumɓu, domin yumɓu idan ya sha ruwa kumbura yake yi ya liƙe kowace kafa. Shi kuma yana son ya gano halin yumɓun wajenmu: me yake yi idan an haƙa rami a cikinsa, ko an danne shi, ko ya ji zafi.

Kada ku ɗauka a lokacin na fahimci wannan duka. Kai kawai nake gyaɗawa ina juya miya. Kalma biyu na riƙe. Ta farko "nukiliya", wadda nake tafiya da ita gidan biki (Allah ya yafe mini, har sai na ɗan sassauta murya idan zan faɗe ta, don ta fi shiga). Ta biyu "yumɓu", wannan kuwa a raina na san na fi shi saninta. Kakarmu Iya maginiyar tukwane ce, duk hutun makaranta a gabanta nake yi. Na san ƙa'ida tun ina 'yar shekara takwas: a shanya, a daka, a tankaɗe, a tsince tsakuwa, sannan a kwaɓa. Nura bai ma riski Iya ba, balle ya san wannan.

Ranar Juma'ar da ta gabaci Litinin ɗin, bayan la'asar, ya iso a motar haya, ya yi baƙi ya rame, ya kwana tara a wata fadama inda suke haƙa. Ya shigo da wasu curin yumɓu guda shida, kowanne kamar babban burodi, an naɗe da leda an shafe da kakin kyandir, an manna wa kowanne 'yar takarda mai lamba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa shigo da su a rungume. Ya ce ɗakin gwaje-gwajensu a rufe yake sai Litinin, kuma sitona ya fi ko'ina sanyi. Ya ce wata takwas suka yi suna jiran injin haƙa, kuma da waɗannan zai yi gwajin ƙarshe ya gama karatu bana tare da abokansa. Ya buɗe baki zai ƙara bayani, sai na tare shi.

"Auta, ni za ka koya wa ajiya?"

Ya yi dariya, ya sha ruwa, ya koma fadamar don kwaso sauran kayan aikinsu.

Da safiyar Asabar na shiga sito ɗebo shinkafa, na ɗan leƙa amanar da aka ba ni. Kakin ɗaya ya tsage a gefe, ta nan na hango cikin ledar ya yi gumi, ɗigo-ɗigo. Na sa hanci, na ji warin danshi. Duk matar da ta taɓa asarar kuka ko garin ɗanwake ta san abin da ke biyo bayan gumi a cikin leda, fumfuna ce. Wani tausayi ya kama ni har idona ya kawo ruwa. Na ce yaron nan maraya, ba mata, ga boko ya cika masa kai, bai san ba a ƙulle jiƙaƙƙen abu ba. Waya tana hannuna, da kati a ciki. Ban kira shi ba, don ina so ya zo ya tarar an gama masa komai.

Ɓare kakin nan kaɗai ya cinye mini safiya, har wuƙa ta yanke ni a yatsa. Takardun masu lamba na cire su a tsanake na adana a gwangwanin madara (kun ga ai ba sakarci na yi ba, da tsari na yi ɓarnar). Na farfasa curin na baza a tabarma. Na lura kalarsu ba ɗaya ba ce, wani toka-toka, wani ja-ja, wani baƙi mai santsi kamar sabulu, sai na gauraya su sosai yadda ake haɗa gero da dawa. Ranar Kano kuwa ba ta yi mini rowa ba.

Da Malam, maigidana, ya dawo daga shagonsa na sayar da yadi cin abincin rana, ya tsaya ya daɗe yana kallon tabarmar, ya tambaye ni ko na yi shawara da mai kayan. Na ce masa shi dai yadi ya sani, ni kuwa jikar magina ce. Ya ce to Allah ya sa alheri, ya wuce ciki. Wannan "to" ɗin nasa har gobe tana yi mini ciwo.

Lahadi na wanke turmi na daka. Rariyata ta yi manyan ido, sai na aro ta maƙwabciyata Maman Ngozi. Ta tambaye ni ko magani nake haɗawa, na ce mata a'a, binciken nukiliya ne. Ta ja da baya taku biyu, ta ce in na gama in riƙe rariyar. Sau biyu na tankaɗe, tsakuwar na watsa bayan katanga. Garin ya fito lukui, na juye a bokiti mai murfi. Kafaɗata kamar za ta cire, amma raina fes, har niyyar zumunci na ƙulla don kada ladan ya wuce ni.

Litinin da hantsi Nura ya kira. Ya ce yana tafe da Farfesar da ke duba aikinsa, a nan unguwar Daurawa take, za ta ɗauki kayan a motarta, domin a Adaidaita girgiza za ta lalata su. Mai hankali da a nan gabansa zai faɗi. Ni kuwa cewa na yi a raina, alhamdulillahi, na raba su da wannan damuwar ma, gari ai ba ruwansa da girgiza.

Na haɗa zoɓo, na sa sabon hijabi, na turara falo. Farfesar 'yar dattijuwa ce, ƙarama, da tabarau da mayafi mara ado, irin wadda za ka gani a layin asibiti ka ba ta wuri. Muka gaisa, ta ce Nura yana yawan zancena, wai ni ce uwarsa. Shi kuwa ya wuce sito kai tsaye. Ya ɗan jima, sannan ya fito.

"Yaya, ina kayan?"

Na ce ya zauna tukuna. Na ɗauko bokitin na dire a gaban Farfesa, na yi bisimilla na buɗe. Har jawabi na yi. Na faɗi yadda na tarar da kayan sun fara gumi, na kawo tarihin Iya, na ce yaran yanzu sai haƙuri, akwai karatu amma ba dabara. Na rufe da cewa, "Ranki ya daɗe, ko tsakuwa ɗaya kika samu a ciki, ki dawo mini da shi."

Farfesa ta leƙa cikin bokitin. Ina jin injin markaɗe na bayan layinmu yana ta ƙara. Nura ya durƙusa, ya cusa hannu a garin, ya ɗebo, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Sai ya zauna daɓas a kan siminti.

"Duka shidan, Yaya?"

"Duka. Na gauraya maka su ma. Ga takardunka nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba."

Na miƙa masa gwangwanin madara. Bai karɓa ba.

Farfesa ce ta cire tabarau ta goge, ta yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ta ce kowace takarda zurfin da aka ciro curin take nunawa. Ta ce abin da suke aunawa shi ne yadda yumɓun yake a kwance tun yadda Allah ya shimfiɗa shi, da ruwan da ke cikinsa, shi ya sa ake rufe shi da kaki tun a bakin rami kafin iska ta taɓa shi.

"Hajiya, gumin nan da kika gani, shi muka je nema."

Na ajiye gwangwanin a ƙasa. Ta murza garin a yatsa, ta ce a gaskiya ɗalibanta ba sa tankaɗe mai kyau haka, da wace rariya na yi? Na ce ta Maman Ngozi ce. Da a nan na tsaya, da da sauran mutuncina. Amma bakina bai gama da ni ba. Na dubi matar nan da ta yi shekaru tana koyar da ilimin ƙasa, na ce:

"Ko in kwaɓa muku shi ya koma yadda yake? Ba zai ɗauke ni awa ɗaya ba."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Na juya wajen Nura ina neman ya taya ni, sai na ga idonsa ya kaɗa ya yi ja, irin jan da na sani tun yana ƙarami, idan yana ƙoƙarin kada ya yi kuka a gaban baƙi. A nan ne na gane girman abin da na yi. Zoɓon ma ba wanda ya sha.

Bayan sati biyu ruwa ya sauka. Injin haƙa ba ya shiga fadama da damina, sai ƙasa ta bushe, kuma sai an sake bin layin injin. Abokan Nura suka gama suka bar shi, ya ƙara kusan shekara.

Kwana goma bai taka gidana ba. Na yi azumi uku, na yi kuka ba adadi, Malam kuma ya yi mini alherin da bai taɓa yi ba, wato bai ce "ai na faɗa miki" ba. Ran na sha ɗaya Nura ya yi sallama, ya ci tuwo har da ƙari. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a ranar, fushin ne bai gama sauka ba, amma da sharaɗi: in sauke tukunya, in zauna, ya yi mini bayanin aikinsa daga farko, in maimaita masa. Sau uku ya mayar da ni baya. Abin da kuka ji na zayyano a sama, da hawaye na haddace shi.

Da suka sake haƙowa bayan kaka, gidan Farfesa aka wuce da kayan. Nura bai gaya mini ba, a bakin Malam na ji, kuma ban ga laifin kowa ba.

Abin da na koya shi ne hannuna ya fi kunnena sauri, kuma tausayina idan ya motsa ba ya tsayawa tambaya. Yanzu idan aka kawo mini ajiya, ko katifa ce tana ɗigar da ruwa, addu'a nake yi mata in ja ƙofa.