Kyaftin a Ƙasan Rami

Wani ne a nan Birmingham ya ce bana shi da matarsa Maureen a kan ruwa za su yi hutun cikar aurensu shekara talatin. Ya yi hayar dogon jirgin nan siriri da ke bin hanyar ruwa ta dā, ya sayo farar hular kyaftin. Mutumin da ko keke bai iya ba.

Ya miƙa wa Maureen ƙarfen murɗa ƙofofin da ke tare ruwa a hanyar.

"Ni ne kyaftin, ke ce ma'aikata."

"Ma'aikata nawa?"

"Duka."

Suka iso gangaren da ake saukar da jirgi daki-daki, rami bayan rami, kowanne da ƙofa gaba da baya. Ya kutsa ramin farko, ya daki bangon dama, ya daki na hagu. Maureen ta sauka, ta sa baya ta tura ƙofar katako mai nauyin giwa, ta yi ta murɗa ƙarfe tana nishi. Ruwa ya fara janyewa.

"Maureen! Bango yana tsiro!"

Wani tsoho mai kula da ƙofofin ya leƙo. "Ba bango ke tashi ba, ɗan'uwa, kai ne ke sauka."

"Sauka? Mun nutse ke nan!"

"Ruwan ne kawai ke fita."

"To wa ya huda kogin?"

Ya ruga ciki ya ɗauko butar shayi, yana tara ta a famfo yana juyewa a rami, wai ciko yake yi. Masu keke suka tsaya. Masu yawo da karnuka suka jeru a kan gada, wasu har da buɗe ƙunshin burodi.

Da ƙofar gaba ta buɗe, ya gyara hula, ya ɗaga wa jama'a hannu. "Buta goma sha huɗu! Da wani ne da tuni an yi asarar jirgi. Baba, saura rami nawa?"

"Ashirin."

"Kin ji, Maureen. Ɗaga ƙafa."

A rami na shida tafin hannunta ya yi bororo. Wata tsohuwa mai dogara sanda ta wuce su, ta je kasuwa, ta dawo ta sake gaishe su. Shi kuwa yana zaune da biskit, yana cewa aikin shugabanci ya fi kowanne gajiyarwa.

A na bakwai ta rufe ƙofar baya, ta janye ruwa har sai da jirgin ya sauka, hular kyaftin ta ɓace can ƙasa. Ta zauna a kan katakon ƙofa, ta cire takalmi, ta zuba shayi.

"Maureen, buɗe! Umarnin kyaftin ne! Akwai sanyi a nan! Maureen!"

Tsohon ya matso. "Baiwar Allah, ba za ki fito da shi ba?"

Ta kurɓi shayi.

"Baba, shekara talatin ina neman inda zan ajiye shi. Ashe tun zamanin kakanni aka gina."