Rasuwar Lamba Ɗaya, Babur ɗin Tuckwell

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mista Ambrose Tuckwell na Coventry yana sanar da rasuwar babur ɗinsa, Lamba Ɗaya, ranar Lahadi, yana da shekara ashirin da uku.

An haifi marigayi a 1903, ranar da Tuckwell mai gyaran keke ya ɗaura wa keke inji ya ce ya kafa kamfani. Ƙanne ɗari huɗu suka biyo baya. Duk sun riga shi, kamfanin ma ya bi su. Shi kaɗai ya rage wa tsohon a duniya.

Marigayi mai kunya ne, ba ya tashi sai an tura shi. Ga ladabi, in ya ga tudu sai ya rusuna. "Tuf, tuf, tuf," sai shiru. Nan Hester, matar gidan, za ta sauko daga kwandon da yake ja a baya, ta tattare siket ta tura. Akwai ranar da kwandon ya kwance a hanyar Kenilworth, Hester na ciki. Sai da maigida ya ci mil tara kafin ya waiwaya, kuma har yau gudun ran nan yake yabo. Kai, jama'a!

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Marigayi ba ya shan baƙin mai da kansa, sai an matsa masa famfo duk mil biyar. Tunda mantuwa ta kama maigida, Hester ke ƙirga duwatsun mil ta ƙwala, "Mai, Ambrose!" Ranar Lahadin, a bakin coci, maigida ya ce wa abokansa, "In ɗaya zan rasa tsakanin babur da mata, ai mata ba su ƙare a Coventry ba. Ke, tura!" Aka kwashe da dariya. Ta tura, ta hau. Ta ƙirga biyar, ta ƙirga goma, sha biyar, bakinta gum. Marigayi ya ce "ƙiiii", ya sandare. Tsohon ya zube a gefen hanya yana rusa kuka, abin tausayi wallahi. Ita kuwa ta kwance ƙunshin burodi da cuku ta cinye, har da nasa.

Marigayi ya bar mahaifinsa, sifana biyu, fitila, tsohon bel na fata, da Hester.

Za a ɗauki gawa ranar Laraba, ƙarfe goma na safe, zuwa filin 'yan gwangwan da ke can saman tudu. Masu ƙarfi kada su wahalar da kansu. Hester ta ce Ambrose ne zai tura, ita tana kwando.