Rasuwar 'Yar Aji Na Sama a Tsakiyar Rafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ido ɗaya a buɗe, iyalan Sufeto mai ritaya suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda ake zargi, rasuwar motarsu ƙirar jif, wadda aka fi sani a gida da 'Yar Gata. Ta rasu ranar Talata da hantsi a tsakiyar rafin da ke kan hanyar gidan Inna, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ta tafi da ƙuruciyarta, ko ledar kujerun baya ba a gama cirewa ba. Mai ita ya karɓi ƙaddara, amma ya ce a rubuta a nan cewa bai rufe bincike ba.

Ga wanda bai san mai mamaciyar ba, Sufeto ya ƙare aikinsa ne yana duba ma'aunin 'yan kasuwa. Ya ga sikelin da aka liƙa wa ƙarfe a ƙasa, ya ga mudun da aka bubbuge gindinsa, ya ga famfon gidan mai da ke ƙirga iska yana kiranta fetur. Ya fito daga aikin da furfura da kuma aƙida guda: mai sayarwa ba ya faɗin gaskiya sai in ta fi ƙarya riba. Har yau in ya sayi ƙwai sai ya girgiza shi a kunne, in mai shago ya yi masa murmushi sai ya sake duba canjinsa.

Marigayiyar ba don alfarma aka saye ta ba. Mahaifiyarsa, Inna, tana zaune a gidan da mijinta ya bar mata, can ƙetaren rafi a gindin duwatsu, da kajinta da bishiyar gwaibarta. Ido ya fara yi mata hazo, likita ya ce dole a riƙa kawo ta duk wata ana yi mata allura, in ana tsallakewa idon zai tafi. 'Ya'yanta suka taru suka ce ta dawo gari. Inna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta, daga ɗakin nan za a ɗauke ta. Sufeto ne ya raba gardamar. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, zauna a ɗakinki. Ko da ruwa ko da iska, ni zan riƙa zuwa in ɗauko ki in dawo da ke." Da kuɗin sallamarsa suka fito, bai ko bari sun kwana biyu ba ya nufi kamfanin motoci da maiɗakinsa.

A can ne aka nuna musu mota iri ɗaya an yi mata aji uku, an jera su a kan tayil mai sheƙi. Ta ƙasa tana da kujerun yadi, tayoyi masu kauri, da wani bututu da ya hau gefen gilashi har kusa da rufi. Ta tsakiya ba yabo ba fallasa. Ta sama kuwa ita ce aka ɗora a kan dandamali ana haska ta da fitilu.

Dillalin kamfanin ya tambaye shi, "Yallaɓai, ina za ka riƙa zuwa da ita?"

Sufeto ya faɗa masa, amma a taƙaice, don ba ya son ba da bayani kyauta: duwatsu, laka, da rafi.

"To ai ga taka nan," in ji dillalin, ya dafa ta ƙasa. "Injinsu ɗaya duka. Wannan ta fi nisa da ƙasa, kuma ta wancan bututun take shaƙar iska, ruwa ba ya kai mata. Waccan ta sama ta zuwa ofis ce da gidan biki, kwalta ta sani. Ɗauki wannan, ka ajiye ragowar kuɗinka."

Nan zargi ya shiga ran Sufeto. Shekara da shekaru yana mu'amala da masu sayarwa, bai taɓa jin wanda ya ce masa ya ajiye ragowar kuɗinsa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai motar ta yi kwantai ana neman wanda za a maƙala wa, ko ta faɗo daga kan tirela an shafe ta da fenti, ko kuma an yi wa wani babba alkawarin ta saman. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yiwuwar cewa mutumin ya kalli takalminsa ne ya yanke masa aji. Ya naɗe riga ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin motar, sai ga wani farantin ƙarfe an rufe cikinta da shi ruf.

"Wannan fa? Me ake ɓoyewa a nan?"

"Dutse ake karewa, Yallaɓai."

"Haka za ka ce."

Maiɗakinsa ta ja shi gefe ta ce, "Baban yara, mutumin nan fa kamar gaskiya yake faɗa."

"Kamar," in ji Sufeto. "Da bakinki kika faɗa."

Ta tsakiya ko kallo ba ta ishe shi ba, don a saninsa ita ake ajiye wa mai ganin kansa da wayo. Ya nuna ta kan dandamalin. Dillalin ya sake roƙonsa, har da haɗa shi da girman Allah, kuma kowane roƙo ƙara tabbatar wa Sufeto yake yi cewa ya taɓo inda ake ɓoyo. Ya sa hannu a takarda yana murmushin wanda ya kama ɓarawo. Duk abin da ya tara ya shige cikinta, ya fito da makulli da hular kyauta.

Ana shaidar marigayiyar da kyawawan halaye. Tana da ladabi, don kafin ka taɓa ƙofa ta zuro maka matakala da kanta. Tana da karamci, kujerunta na fata suna hura wa baƙo sanyi ta baya, ta gaba har tausa take yi. Rufinta gilashi ne, ana ganin hadari tun kafin ya haɗu. Ba ta da riƙo, amma ba ta iya shiru ba. In ganye ya gifta sai ta ce ƙil-ƙil-ƙil, in akuya ta tsaya daga nesa sai wata murya ta mace ta ce, "Akwai cikas a gaba." Maƙwabta da ba sa gaishe da Sufeto sun koma ɗaga masa hannu biyu, shi kuma yana rubuta sunayensu a ransa. Inna ce kaɗai ba ta yabe ta ba ranar da aka fara ɗauko ta. Ta shafa kujerar ta ce santsi gare ta, a miƙo mata zanenta ta shimfiɗa.

Ciwon nata ya daɗe yana nuna alama. Tun tafiyar farko ta goge haɓarta a dutse, bamba ta tsage. Tayoyinta sirara ne a kan manyan wili, irin na ado, ƙaya kaɗan sai su sace. Bakaniken gidan, wanda ya rayu da tsohuwar motarsu har ta tsufa a hannunsa, ya buɗe gabanta ya ga wayoyi da kwamfuta, ya mayar ya rufe a hankali ya ce, "Oga, wannan ai sai dai addu'a." Duk da haka ta lallaɓa ta fitar da rani, tana ƙetare rafin lokacin da yashi ne zalla.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da tafiya ta wuce da ƙyar, ruwan bai kai cibiyar taya ba. Da suka juyo da Inna a gaba, ya ɗan ƙaru, ba wani mai yawa ba, don masu babur ma suna turawa suna wucewa. Sufeto ya yi bisimilla ya shiga. Suna kaiwa tsakiya marigayiyar ta ruɗe. Ta zuro matakala ba wanda ya nema, ta kunna goge-gilashi, ta buɗe rufi, fitilun gabanta duka suka kama kamar ana biki. Hancin da take shaƙar iska da shi yana can ƙasa bayan bamba, ta nan ta kurɓa. Ta yi tari, ta girgiza, ta tsaya. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin kujeru. Kalamanta na ƙarshe, cikin murya mai shaƙewa, su ne, "An bar ƙofa a buɗe." Ba wata ƙofa da ke buɗe. Sufeto ya yi imani sunan wani take ƙoƙarin faɗa.

Shi ya goya Inna a baya ya fitar da ita, ruwa har cinyarsa, ƙafarsa tana zamewa a kan duwatsu. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma bai taɓa sanin ta zama marar nauyi haka ba. Ita kuwa tana bayansa tana cewa, "Sauke ni, ɗan nan, kai ma ka tsufa." Kafin su isa asibiti likitan ido ya tashi, sai washegari aka yi allurar. Likitan ya yi magana a fili: wannan karon an tsira, amma damina yanzu ta fara, kuma idon ba zai jira rafi ya janye ba.

An kai gawar kamfani don a duba. Suka ce injin ya sha ruwa, kwamfutar da ke ƙarƙashin kujera ta tafi, kuma garanti ba ya ɗaukar wanda ya shiga rafi da ƙafarsa. Abin da suka ce za a kashe a tashe ta, ko gidan aka jinginar ba a tabbatar ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar makullai biyu da har yanzu suke ƙyafta ido in an danna, da safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da tampol ɗin rufa, da rabin galan na man goge fata. Ta bar 'yan uwa da dama a kamfani. Daga cikinsu akwai ƙanwarta 'yar aji na ƙasa, mai kujerun yadi, wadda wani mai gonar kaji ya saya. Ita ce Allah ya kawo ranar, ta ratsa rafin ko tari ba ta yi ba, ta ɗaure yayarta da igiya ta jawo ta gaɓa, sannan ta ɗauki Inna zuwa gari a tsakanin kiret ɗin ƙwai. Iyali suna godiya ga mai gonar. Sufeto ma yana godiya, sai dai yana so a bincika yadda aka yi ya iso daidai wannan lokacin.

Game da musabbabin rasuwar, ruwa ba ya tsami banza. Na farko a zargi shi ne dillalin kamfani, wanda ya faɗi gaskiya ta hanyar da babu mai hankalin da zai yarda da ita. Sufeto ya ce da mutumin yana da niyyar alheri da ya yabi ta saman, shi kuma ya gane ya ɗauki ta ƙasan. Akwai bakanike, wanda aka ga ya kawar da kai yana gyara hula lokacin da aka gaya masa. Akwai maiɗakinsa, wadda tun ranar ba ta ce uffan ba, shirun nata kuma ya yi yawa. Akwai ƙaninsa da ya taɓa cewa, "Yaya, motar nan ta dace da kai," ba a san me yake nufi ba. Akwai wanda ya yi alkawarin gina gada a kan rafin. Ana ci gaba da karɓar bayanai, za a kuma sakaya sunan mai kawowa bayan an bincike shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, in Allah ya kai mu. Janwe mai jan matattun motoci zai ɗauko gawar daga kamfani, a biyo da ita ta ƙofar gida don maƙwabta su yi bankwana, daga nan a wuce da ita wurin masu sayen kayan gyara, inda za a rarraba ta. Ana roƙon masu rakiya su riƙe hannuwansu, an ƙirga madubai.

A ranar ce kuma, da yamma, mai gonar kaji zai taimaka a kwaso kayan Inna. Ta rufe ɗakinta, ta raba kajin ga maƙwabta, ta bar wa wata jikar ƙawarta amanar gwaiba. Ba wanda ya ce ta taho. Ita ce ta dubi ɗanta yana shanya takalmansa a rana ta ce a share mata ɗakin da ke kusa da gareji. Tagar ɗakin katanga take kallo. Sufeto ya share shi da hannunsa, ya hana kowa taya shi, ya daɗe a ciki bayan ya gama.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa a garejin, tunda yanzu akwai fili. Ba a buƙatar kujeru, ba a buƙatar shawara kan mota ta gaba, don babu ta gaba. Wanda ya zo ya leƙa ya gaishe da Inna, ya ɗaga murya kaɗan ya faɗi sunansa. Ita ce kuma ta ba da saƙo na ƙarshe ga masu ta'aziyya. Ta ce duk wanda ya san zai buɗe baki ya ce wa ɗanta "ai an faɗa maka," ya yi zamansa a gida, ta yafe masa zuwan.

"Ku ƙyale min shi," in ji ta. "Ya sani."