Yadda Za Ka Auna Jinkirin Intanet Ka Samu Babu

Kai mai kula da intanet ɗin ƙauye, matso. Bi tafarkin Tihomir, injiniyan ƙauyenmu a gefen birnin Plovdiv na ƙasar Bulgeriya, na ba ka tabbaci lissafinka zai fito tas. Shi ne ya rantse wa matarsa Nevena cewa ran Lahadi za ta ga jikanta na fari a waya, wanda 'yarsu Ralitsa ta haifa a Sifen.

1. Raba layi
Na'urar da ke raba intanet layi biyu gare ta, kamar asibiti. Sai na gaba ya ƙare kaf ake waiwayar na baya. Wai adalci ke nan.

2. Tantance manya
Magajin gari ya kawo kwalbar giyar da ake kira rakiya, sa shi gaba. Fadan coci ya aiko da zuma, gaba. Masu kallon ƙwallo sun haɗa cuku, ai ba a kunyata jama'a. Matarka fa? Abinci kawai take dafa maka, ta jira.

3. Zaɓi lokacin awo
Auna ranar da kowa ya tafi tsinkar inabi. Layi wayam, lissafi gwanin sha'awa.

4. Ƙirga wanda ya iso kawai
Saƙon da ya gaji da jira na'ura ta watsar, kada ka sa shi. Abin da bai iso ba ta yaya za a ce ya makara?

5. Tsaya kan bakanka
Lahadin ta zo daidai da wasan ƙwallo. Nevena ta ci ado, ta zauna. Hoto ya daskare a kan labule, jariri kuwa ko kunnensa ba ta gani ba. Tihomir ya yi ta bayani, wai a lissafe komai lafiya lau. Ta bar shi ya gama.

"Baban Ralitsa, ni a wane layi ka sa ni?"

Bawan Allah ya kama duba igiyoyin na'ura.

Washegari ta same shi a wurin aiki, ta bi bayan masu jira har aka zo kanta. Ta ajiye gasasshen tattasai a kwalba, ta ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka. Jika gare ni."

Wallahi ni da nake tsaye a wurin sai da na ji kunya ta kama ni.

Gargaɗi
Mu awo muka koya maka. In matarka ta fara gaishe ka da ladabi irin na baƙi, kada ka nemo mu, babu ruwanmu.