Kitson da Ya Jawo Mini Ƙaya a Ƙofa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar agana ba, ko da yake akwai abin da na so a ce mutanen Damagaram sun manta da shi a cikinta. Ba su manta ba. To, gara ku ji daga bakina.

Da bazara ciwon ya shigo, aka ce ayarin arewa ne ya kawo shi. Da gawa ta yi yawa, Sarki ya sa aka yi shela: a rufe kasuwa, ba biki, ba suna, ba shiga gidan wani. Rijiya kaɗai aka bar wa mata, ita ma da safe. Wanda aka kama ya shiga gidan da ba nasa ba, a toshe ƙofarsa da ƙaya har sabon wata ya tsaya.

Mutane sun karɓa, ban ƙi faɗa ba. Wanda ya ga fuskar mai agana sau ɗaya ba ya bukatar dogari. Amma mai unguwa ya ce a samu mace mai baki ta tsaya a rijiya tana tsawata wa mata, kuma duk unguwarmu wa za a samu in ba ni ba? (Ba yabon kai ba ne. Muryata har bayan ganuwa ake ji.) Na riƙe aikin nan da hannu biyu. Mace ta tsaya gaisuwa ta wuce "ina kwana", sai na ce, "Ke, ɗauki tulunki!"

Abin da ya ci ni gashina ne. A lokacin ina da gashi, ba wannan audugar da kuke gani ba. Tun ina amarya ba mai taɓa kaina sai Ya Fanna, wata Babarbariya da ke gida na biyar daga namu, mai kitso irin na Barno da tudu a tsakiyar kai. Wata biyu ba kitso, kai ya cukurkuɗe. Ba mai gani, yana cikin kallabi, amma ni na sani. Wata rana da tsakar rana, gari ya yi tsit don zafi, maigidana yana barci, na bi ta bayan danga na faɗa gidanta.

"Yaya, ke da kanki?" in ji Fanna. "Ba ke ce mai rijiya ba?"

Na ce, "Rijiya da safe ce. Ɗauko man shanu."

Ta ja kitson nan kamar tana da haushina, har girata ta ɗaga. Na koma gida ba wanda ya gan ni.

Da safe na ɗaura kallabi biyu na tafi rijiya. Duk macen da ta san sabon kitso ta san ba a ɗora masa kaya ran farko, sai na cika tuluna na saɓa a kafaɗa. A ranar kuwa ina da shari'a: wata Hajo, matar maƙeri, an ce ta leƙa gidan uwarta da ba ta da lafiya. Na tsayar da ita gaban mata ina zuba.

"Uwa kowa yana da ita! Ni nan wata biyu ƙafata ba ta taka zauren kowa ba!"

Hajo ta kalli tulun da ke kafaɗata, ta ce, "Gwaggo, yau a kafaɗa? Kawo in ɗora miki, kar ki goce."

Kafin in ce a'a ta ɗaga tulun ta dire shi a tsakiyar kaina, daidai kan tudun. Ƙarar da na yi, jakin da ke shan ruwa a kwamin dabbobi sai da ya zabura. Tulu ya tafi, kallabi biyu suka bi shi. Ga kitso yana ƙyalli, tsaga fes, man shanu bai ko bushe ba.

Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi ma da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa, Inna Kande, ta matso ta duba ƙeyata a tsanake, kamar mai sayen akuya.

"Hannun Fanna ne," in ji ta.

Na ce ni na yi da kaina. (Har yau ban san wanda ya sa mini wannan magana a baki ba.)

Inna Kande ta ce, "Madalla. Allah ya ba ki ido a ƙeya ke nan."

Kafin azahar ƙaya tana ƙofarmu, tana ƙofar Fanna, wadda ba ta je ko'ina ba. Ita kuwa Hajo ba wanda ya sake tayar da maganarta. Maigidana ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙayar, sannan ya kalli kaina ya ce, "Ya dai yi kyau."

Allah ya tsare, ciwon bai shiga gidanmu ba, bai shiga na Fanna ba. Ruwa kuwa ta kan danga ake miƙo mana, kuma Hajo ce mai miƙowa, don ita ce mai unguwa ya damƙa wa aikin rijiya. Kullum sai ta ce, "Gwaggo, ya kai?"

Abin da na koya bai da yawa. Waɗanda suka bi dokar nan da gaske ban taɓa jin muryarsu ba, suna ɗaka. Shi ya sa har yau in na ji wani ya fi kowa kururuwar a bi doka, ba na musu da shi. Ina dai duba yadda ya ɗauko tulunsa.